Motar da Ta Ƙi Zuwa Sandamu

Motata ta farko dizal take sha, kuma duk wanda na sani a Daura sai da ya ba ni shawarar kada in saye ta. Ta Kongolam ta shigo daga Nijar, tsohuwar Turai ce mai dogon baya, ruwan toka. Abokan aikina a ofishin gona suka ce ina aka taɓa ganin ƙaramar mota tana shan man tirela? Na ce su bari wahalar fetur ta zo mu gani. Da ta zo kuwa, sai in wuce su a layin gidan mai suna fifita da hula, in danna musu hon, in ɗaga hannu kamar ɗan takara. Ni mutum ne da ba a hana ni abu in hanu, kuma ba daga nesa na ɗauko halin ba, a wurin Baba na gada.

Shekarun nan ne da shari'a ta riga ta zauna a jiharmu. An rufe gidajen giya, wa'azi kuma ya cika gari, a masallaci da rediyo da shagon mai shayi. Babu abin da malamai suka fi sa wa ido kamar camfi. In ka ce baƙar mage ta gifta maka za ka fasa tafiya, kafin ka rufe baki wani ya karanto maka hadisi. Baba yana cikin masu jin daɗin wannan. Dattijo ne mai tahajjud da dogon carbi, kuma yakan ce shi tun kafin a zo da lasifika ya daina camfi.

Baba yana da ƙane guda ɗaya, Baffanmu, a wani ƙauye gaba da Sandamu kaɗan, inda gonar gadonsu take. Shekaru sun yi nisa ba sa magana. Wata tsohuwar ɗorawa ce a tsakiyar gonar, wadda mahaifiyarsu take yin daddawa da kalwarta, Baffa ya sare ta don garmar shanu ta samu hanya, bai yi shawara da kowa ba. Da Baba ya ji, ya aika aka kira shi, ya wanke shi tas a gaban mutane. Baffa ya mayar da magana, abin da bai taɓa yi ba. Nan Baba ya ce kada ƙafarsa ta sake taka zauren gidanmu. Baffa kuwa ya riƙe maganar yayansa ƙam, kamar yadda ya saba riƙe duk wata maganarsa, bai sake zuwa ba. Sai dai mata su riƙa kai gaisuwa suna kawowa, kowanne ya amsa da "to, madalla" yana kallon wani wuri.

A shekarar da nake ba da labari, Baffa ya samu kujerar Makka. Al'ada ce maniyyaci ya zaga dangi ya nemi gafara kafin ya tashi, don babu wanda ya san mai dawowa, balle tsoho mai ciwon ƙirji irin Baffa. Ya zaga kowa. Gidanmu kaɗai ya rage, kuma an hana shi shiga. Wanda ya ɗaura maganar shi kaɗai zai iya kwance ta, ga shi kuwa kullum ana cewa yau ko gobe za a kira maniyyata sansani a Katsina.

Wata safiya bayan an karya kumallo Baba ya ce, "Kai, gobe ka sa wa motar nan taka mai." Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne sunana har na yi furfura. Na ce ina za mu? Ya ce, "Wajen wancan na Sandamu." Ya ƙara da cewa ya yi istihara a kan tafiyar, ya roƙi Allah in alheri ce Ya sauƙaƙa ta, in ba alheri ba ce Ya kawar da shi daga gare ta. Na fita zaure ina murmushi ni kaɗai, don raina ya yi fari ƙwarai.

Inna, mahaifiyata, ba ta yarda a je wa maniyyaci hannu rabbana ba. Ta sa aka loda buhunan gero, da jarkar man gyaɗa, da ƙullin kuka da kuɓewa, da wani rago mai taurin kai da aka ɗaure a but. Ita da ƙanwata da wata maƙwabciya mai jiki suka cika baya. Baba ya zauna a gaba da babbar rigarsa ta Juma'a. Na kunna masa na'urar sanyi, wadda ni kaina ba na kunnawa don tsimin mai.

In ka bar Daura ta wannan hanya, akwai wani kwalbati, bayansa kuma ɗan hawa ne wanda mai keke ma ba ya sauka dominsa. A nan gidaje suke ƙarewa, a nan kowane direba yake taka totur. Na taka. Motar ta yunƙura, sai kawai ta yi lakwas. Wata fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya ta fara ƙiftawa a gabana, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Na take totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiyar hawainiya. Wani mai amalanken shanu da muka wuce ya kusa cim mana.

Baba ya ce in tsaya. Na gangara gefe na kashe. Ya sauka ya tsaya jim yana kallon hanyar Sandamu, sannan ya dawo ya ce, "Juya. A hankali." Na murza makulli, fitilar ta ɓace. Muka koma gida motar tana tafiya sumul, kamar ba ita ba.

Bakanikena tsarana ne, ɗan gidan maƙera, wanda ya koyi aikin manyan motoci a Damagaram, shi ya sa har yau gazuwal yake ce wa dizal. Shi kaɗai ne a garin yake yarda ya taɓa motata, kuma ba ya taɓa ta sai ya fara zagin wanda ya saye ta. Da na ba shi labari, bai ko buɗe gaban motar ba ya yanke hukunci.

"Wajen 'yan bumburutu ka sha mai, ko?"

"Sau ɗaya ne."

"Sau ɗayan ya isa. Rabi gazuwal rabi kananzir suke ba ku, ku kuma kuna murnar araha."

Ya juye tankin, ya sauya filtar mai, ya kakkaɓe ta iska, ya bi tiyo-tiyon da hannu yana neman inda ya fashe, bai samu ba. Muka hau mu biyu, muka wuce kwalbatin a guje, muka dawo, muka sake wucewa. Lafiya lau. Ya bugi ƙirji ya ce in ta sake yi in zo in aske masa gemu.

Da ƙyar Inna ta shawo kan Baba aka sake shiri. Aka sake loda gero da mai da rago da maƙwabciya. Muna haye kwalbatin na taka totur ina bismilla a zuci, ta sake yin lakwas, a daidai inda ta yi ranar farko, kusa da wata bishiyar aduwa. Wannan karon Baba bai ko sauka ba. Na kashe, na tayar, na juya, ta kawo mu gida tana rawar jiki kamar dokin da ya hango barga.

A zaure na same shi da maganar.

"Baba, ƙarfe ne fa. Wani abu ne ya lalace a ciki."

"Shi ƙarfen ba bawan Allah ba ne?"

"To amma ai wannan ya zama camfi."

Ya ɗago ya dube ni, kallon da tun ina yaro yake sa ni neman ƙofa. "Camfi shi ne mage da mujiya. Ni Ubangijina na tambaya. Kai da idonka ka gani, gaba ta ƙi, baya ta so. Me kake so a yi mini kuma, a aiko mini da takarda?"

Na ce to in samo motar haya, ko in ari ta wani abokina. Ya ce ba mota aka ƙi ba, tafiyar aka ƙi, in ya sauya mota wayo zai yi wa wa? Zuciya ta ɗebe ni na ce in Baffa ya tafi bai dawo ba fa? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Na yi da-na-sanin faɗa, na tashi na ba shi wuri. Na san yana son tafiyar nan fiye da kowa, kuma na san ba zai motsa ba muddin yana ganin an ba shi amsa.

Na shiga cikin gida ina huci, na sauke fushin a kan Inna, na ce ita ma da lodinta kamar za a kai amarya. Ta ci gaba da tankaɗe ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Lodin nawa dai da shi ta tsaya. Ku kuwa ku biyu kuka hau ta wayam kuka ce ta warke. Ku ɗora mata abin da ta ɗauka ranar mana, ku gani."

Na koma gareji da wannan magana. Bakanike ya sosa gemun da ya yi alkawarin za a aske, ya ce tsohuwa ta yi gaskiya. Muka dawo da buhunan gero cikin but. Ragon muka ƙyale shi, don ya riga ya ci rabin kafet ɗina. Saura nauyin mutane. Akwai wata majalisa a gindin dalbejiyar da ke gaban garejin, ta mutanen da ba su da aikin da ya wuce gyara gwamnati da baki. Bakanike ya tsaya yana auna su da ido kamar mai sayen shanu a kara. Ya zaɓi wani mahauci ya ce shi ne maƙwabciya. Ya zaɓi wasu sirara biyu a matsayin Inna da ƙanwata. Wani tela ya ce shi zai zama Baba, ya shige gaba ya harɗe, ya ce a kunna masa sanyi, kuma kada wanda ya yi masa magana sai da ladabi. Bakanike ya matsa a baya kusa da mahauci.

Muka haye kwalbati, na taka totur. Ta yunƙura, ta yi lakwas, fitila ta hau ƙiftawa.

Ban taɓa ganin an yi murnar lalacewar mota irin ta ranar ba. Mahauci ya yi kabbara, tela ya miƙo mini hannu muka tafa. Bakanike yana ihu daga baya, "Kada ka kashe! Kada ka kashe ta!" Na gangara gefe injin yana aiki, ya fito ya ɗaga murfin gaba, ya kira ni in leƙa.

Ya nuna mini wani abu mai kamar dodon koɗi a bayan injin, ya ce shi ne turbo. Aikinsa aikin zugazugin maƙera ne, hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, shi kuma ya tura iska cikin inji don wuta ta ci sosai. A jikinsa akwai wani ɗan baƙin akwati, bai fi tafin hannu ba, da waya a jone da wani ɗan hannu na ƙarfe. Sunansa akcuweta, in ji shi, amma mu akwati muka ci gaba da ce masa. Shi ne yake buɗe wa turbo hanya ko ya rage, gwargwadon ƙarfin da ake nema. Ya ce in taka totur. Na taka, ɗan hannun bai motsa ba, ya ƙage wuri ɗaya. Ya ce to yanzu kashe, ka sake murza makulli. Na yi. Hannun ya yi karkarwa, ya yi ƙarar ƙas-ƙas, sannan ya tafi ya dawo.

A nan bakin hanya komai ya fito fili. In motar ba ta da kaya, ko ana lallaɓa ta, ba a neman akwatin ya yi wani aikin kirki. Sai an loda ta, an kunna sanyi, an taka totur a hawa, sannan ake bukatar ya tura hannun har ƙarshe, a nan yake maƙalewa. Da kwamfutar motar ta ga haka sai ta rage wa injin ƙarfi don kada ya lalace. In an kashe an tayar, ta manta, ta sake ba shi dama. Mu kuwa duk komawar da muka yi gida, a hankali muka yi ta, bisa umarnin Baba.

Washegari da injin ya huce, bakanike ya zare wani ɗan zoben ƙarfe ya raba hannun akwatin da na turbo. Ya sa yatsa ya kaɗa na turbon, ya tafi ya dawo ba gardama. Ya ce in gode wa Allah, turbon lafiyarsa ƙalau, da shi ne da sai na sayar da ragon Baffa da maƙwabciyar gaba ɗaya. Ya kwance akwatin ya ɓalle murfinsa. A ciki akwai ɗan ƙaramin inji da wani gare-gare na roba mai haƙora. Haƙoran gefe ɗaya sun cinye sun yi sumul.

Mai sayar mana da kayan gyara wani Ibo ne da aka haifa a Sabon Garin Daura, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Kafin shari'a gidan giya yake da shi. Da aka rufe, bai koma ko'ina ba, ya kwashe kujeru ya zuba kayan mota, ya bar tsohon firjin a kusurwa yana ajiye kayan lantarki a ciki don kada ƙura ta shige su. Shi kaɗai ke da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya zo ya jona, ya karanta, ya ce maganar bakanike ce, akwatin ne. Ya buɗe firji ya ɗauko wani akwati, sak irin nawa.

Na ce alhamdu lillahi, a ɗaura. Ya juya shi ya duba lambar da ke jiki, ya duba ta nawa, ya mayar da shi firji ya rufe.

"Malam, ba naka ba ne."

"Kamar ya ba nawa ba? Ga shi iri ɗaya!"

"Fuska ɗaya, hali daban. In na ba ka wannan, yau za ka yi mini godiya, jibi ka zo da 'yan hisba."

Na yi faɗa, na ce ana maganar tsofaffi biyu yana maganar lamba. Bakanike ma ya goyi bayana ya ce a gwada mana. Mutumin nan ya ƙi. Ya ce shi ma ya san Baba, a gabansa ya girma, shi ya sa ba zai yarda motar ta sake tsayawa da shi a hanya ba. Ya ce irin wannan mota ta fi yawa a Nijar, zai yi wa wani ɗan'uwansa waya a Damagaram a cire daga wadda ta yi hatsari.

Kwanakin jiran nan sun yi mini tsawo. Kullum sai an ce an ji a rediyo jirgin farko ya kusa tashi. Ƙanwata ta dawo daga Sandamu ta ce Baffa ya riga ya ɗaure jakarsa, kuma duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya aika a dubo ko wace ce. Baba ya ji wannan magana daga ɗakinsa, ranar bai ci tuwon dare ba. Ni kuwa na zama ɗan tasha, duk direban da ya fito daga Kongolam sai na tare shi. Rannan da hantsi wani ya miƙo mini ƙullin tsumma daga ƙarƙashin kujerarsa, yana warin tattasai, da akwatin a ciki.

Ɗaurawar ba ta da wuya. Ƙusoshi ne 'yan kaɗan, da wayar da ake jonawa, da ɗan zoben nan da ke riƙe hannu. Zoben ne ya ba mu wahala, don bakanike yana matsa shi ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi. 'Yan majalisa gaba ɗaya suka durƙusa suna tona ƙasa, har sai da tela ya kawo mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika aka ja shi a ƙasa, zoben ya manne. Mai kayan gyara ya jona na'urarsa, ya goge tsohon laifin, ya sa sabon akwatin ya koyi iyakar inda zai kai hannunsa da inda zai tsaya. Na murza makulli, hannun ya tafi ya dawo shiru, ba karkarwa. Aka sake loda gero da mahauci da tela. Muka haye kwalbati, na taka, na ji wani siririn fito daga gaba wanda na manta rabon da in ji shi, motar ta manna mu da kujera. Sai da tela ya ce in tuna shi Baba ne, in rage gudu.

Da la'asar na kai bakanike gidanmu, da tsohon akwatin a hannunsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya buɗe akwatin ya nuna masa gare-garen. Ya yi bayani tiryan-tiryan, da lodi da hawa da komai. Baba ya sa tabarau, ya karɓa, ya shafa wurin da ya cinye da babban yatsa.

"Wannan ɗan abin ne ya tsayar da ni?"

"Shi ne, Baba."

"To wa ya cinye masa haƙoran, kuma ya sa sai ranar tafiyata za su gaza?"

Bakanike ya dube ni, na dubi rufin zaure. Na ga duk wahalar nan za ta tashi a banza. Na buɗe baki zan fara gardamar da na saba, bakanike ya taka mini ƙafa.

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba, wannan sai malamai. Ni dai alfarma ɗaya nake roƙo. A ƙa'idar aikinmu, ba a cewa gyara ya yi sai an gwada da ainihin abin da ya kawo matsalar. Mun gwada da mahauci da tela, amma ai ba su ta ƙi ɗauka ba. In za ka daure ka zauna a ciki zuwa kwalbatin nan kawai, mu ga ta haye, sai a juyo. In ba haka ba, ba zan iya ba ɗanka motar da zuciya ɗaya ba."

Har yau ban sani ba ko akwai wannan ƙa'ida a aikin kanikanci. Na tambaye shi daga baya, ya ce in je in koyi sana'ar in gani.

Baba ya daɗe yana juya gare-garen a hannunsa. Can ya ce, "Zuwa kwalbati."

"Zuwa kwalbati kawai, Baba."

"Wannan ba tafiya ba ce. Taimakon mai sana'a ne."

"Shi ke nan, Baba."

Da safe Inna ta sa aka loda gero da man gyaɗa da rago, ta ce ai gwaji sai da nauyinsa. Maƙwabciya ta shigo da sabon mayafi. Baba ya fito da babbar rigar Juma'a da hula zanna, yana ƙamshin turare. Ƙanwata ta cusa fuska cikin gyale kafaɗunta suna rawa.

Na kunna sanyi. Muka bar gari, babu mai magana sai rago. Da na hango kwalbatin na gyara riƙon sitiyari. Muka haye, na taka totur, fiton nan ya taso, motar ta ɗauki hawan kamar ba ta ɗauke da komai. Aduwar ta wuce ta gefenmu. Na dubi gabana, babu fitilar da ta kama. Alkawari alkawari ne, don haka na sa sigina, na fara taka birki ina neman wurin juyawa.

Baba yana kallon gaba ya ce, "Kai, wa ya ce ka tsaya?"

Na ɗauke ƙafa daga birki. A baya na ji Inna ta ja dogon numfashi.

Mun sami Baffa a ƙofar gidansa a kan tabarma, ya rame fiye da yadda na san shi, wata sabuwar jakar maniyyata tana jingine a bango. Da ya ga wanda ke gaban motar ya miƙe zumbur, ya taho ba takalmi a cikin rana, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar motar ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Ya fara durƙusawa, Baba ya buɗe ƙofa ya riƙo kafaɗarsa.

Baffa ya ce, "Yaya."

Baba ya gyara murya ya ce, "Mota muke gwadawa."

Baffa ya dubi motar, ya dubi ragon da ke leƙowa ta gilashin baya, ya dubi rigar Juma'a. Hawaye yana bin gemunsa ya ce, "To ta yi kyau, Yaya?"

"Ta yi," in ji Baba, bai saki kafaɗar ba. "Kai, kashe ta. Za mu daɗe."